Nonon da Kanar Miftah Ya Sha

Mastura ba ta taɓa sanin sunan minista ko ɗaya ba, kuma ba ta ji ta yi asarar komai ba. An haife ta zamanin sarki, a wani ƙauye cikin duwatsun Jabal Ahdar, gabashin Libiya. Ranar da sojoji suka kori sarkin tana gaban tanda tana manna gurasa. Da aka gaya mata, ta ce Allah ya sa su iya, ta ci gaba da aikinta. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, Wanis, da tandar da ta riƙe su.

Amma in ka tambaye ta, 'ya'yanta biyu ne. Shekarar da ta haifi Wanis, maƙwabciyarta ta rasu wurin haihuwa ta bar jariri yana tsala ihu. Mastura ta ɗauke shi, Wanis a dama shi a hagu, har ta yaye su tare. Shi ne Miftah. A wajenmu wanda kuka sha nono ɗaya da shi ɗan'uwanka ne na har abada. Ba ya auren ƙanwarka, ba ya ɗaga maka hannu ko duniya za ta kife.

Su biyun suka shiga soja. Wanis bai wuce gyaran motocin bariki ba, kullum hannu baƙi ƙirin. Miftah kuwa ya san lokacin tafi, ya san lokacin shiru, sai taurari suka riƙa hawa kafaɗarsa har ya zama Kanar.

Wata shekara wasu hafsoshi a barikin su Wanis suka ƙulla juyin mulki, asirinsu ya tonu tun kafin su motsa. Aka shiga tsintar mutane, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, har mai dafa musu shayi. Laifin Wanis shi ne, motocin da za su fita da su shi ya gyara. Ya gudo gida. Kawunsa Atiya, yayan Mastura, makiyayi ne, shi ya ɓoye shi a wani kogo can ƙasan kwari, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sauka. Aka shirya wani direba zai tsallaka da shi Masar da zarar hanya ta yi sauƙi.

Ana cikin jira sai ga Miftah da rana tsaka, shi kaɗai, ba kaki. Ya sumbaci goshinta, ya zauna a ƙasa ya ci tuwon sha'ir da hannu har yana lasar yatsa.

"Umma, kin rame," ya ce. "Wanis ne ko? Sakaran nan tun muna yara shi ke sa ki kuka."

"Kai ne dai mai cizo," ta ce. "Har yau tabon haƙorinka na nan."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Ki ce ya fito, Umma. Ɓuyan nan shi zai mai da shi mai laifi. 'Yar tambaya ce. Ni zan kai shi da hannuna, ni zan dawo miki da shi kafin Juma'a. Na rantse da nonon da na sha."

Da Atiya ya ji, ya buga sandarsa da ƙasa. "Mastura, wanda ya shigo gidanki ba jaririn nan ba ne, Kanar ne. Shi ma akwai mai riƙe da wuyansa. Mutanen da ke rantsuwa a rediyo da safe, su rataye mutum da yamma?"

"Ni ban san na rediyo ba, Yaya. Wannan ni na goya shi."

Atiya ya ce ƙafarsa ba za ta je ba. Ita da kanta ta gangara kwarin da ciwon gwiwarta. Wanis ya saurare ta har ta gama.

"Umma, raina bai kwanta ba," ya ce. "Amma in kin ce in je, zan je."

Ta ce ya je. Ta wanke masa riga, ta ƙunsa musu gurasa mai zafi su ci a hanya. Ya zauna gaban mota kusa da Miftah, har ta ji su suna dariya kafin su sha kwana.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. A ƙofar bariki aka ce ba su san wannan suna ba. A gidan Miftah na birnin Bangazi mai gadi ya ce maigida ya yi tafiya, kuma duk zuwan da ta yi tafiyar ba ta ƙare ba. Kafin shekara ta zagayo aka ƙara masa girma. Atiya har ya mutu bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ci mata rai. Ba masu mulki ta tsana ba, su ba su yi mata alkawarin komai ba. Abin da ke ƙona ta shi ne da ƙafarta ta sauka ta ɗauko ɗanta.

Har wurin liman ta je ta tambaya ko ana warware zumuncin nono. Ya ce ba a yi, Hajiya, abin da ya shiga ciki ya shiga.

Shekaru suka ja, gwamnatin ta zo faɗuwa. Miftah, da yake hancinsa na jin ƙanshin iska, ya riga kowa sauya tuta. Sai ga shi a talabijin, Janar guda, yana hawaye kan waɗanda azzalumai suka ɓatar. Da sababbin masu bindiga suka fara yaƙar juna, ya zo ƙauyen da jerin motoci neman samarin da za su yi masa yaƙi. Ya tsaya ƙofar Mastura don jama'a su ga ɗan halak ya zo gaida uwarsa.

Tana zaune a tsakar gida, ta tsufa tukuf. Da ya shigo, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta bar ido ɗaya, kamar yadda matanmu ke yi wa baƙon namiji. Dattawan ƙauyen da suka biyo bayansa suka sunkuyar da kai.

"Umma, ni ne fa. Miftah."

"Na ji, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba na zama da baƙin maza. Ka faɗa mini inda aka binne Wanis, ka tafi."

Ya buɗe baki, ya dubi dattawan, ya dubi yaransa masu bindiga.

"Wallahi, Umma, ban tambaya ba," ya ce.