Tsohon da Ya Zauna a Kan Kututture

Kafin rana ta ɗago, Baba Mai Fenti ya riga ya jingine kekensa a jikin rumfar kwanon da ke bakin gandun daji, ya tuɓe silifas ya sa takalmin roba. Ba wani abin kallo a rumfar. Teburi ne mai ƙafa uku, bulo a madadin ta huɗu, sai benci, sai ƙusa biyu a bango, gwangwanin jan fenti rataye a ɗaya, na fari a ɗayar. Zai sauke su ya juya kowanne da tsinke, ya soke buroshi a aljihun baya, ya saɓa adda ya shiga daji. Bishiyar da ya shafa wa ja ta isa sara. Wadda ya shafa wa fari uwa ce, an bar ta don iri, kuma duk wanda ya kusance ta da gatari zai ji wata murya da bai taɓa zaton tsohon yana da ita ba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana aikin malamin daji a garinmu, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye.

Ni mai gidan burodi ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Na ɗauki biro ne saboda ina da laifi a wurin mutumin nan, kuma na gaji da sunkuyar da kai in mun haɗu a hanya.

Gandun na jama'ar gari ne, kwamiti ke kula da shi, amma tsarin na Baba ne. Tun farko ya raba shi kashi takwas, duk bishiyar turare. Kashi ɗaya tak ake sara a shekara. Kuma sara irin nasa: taƙi ɗaya daga ƙasa, a karkace, don ruwan sama ya zurare kada kututturen ya ruɓe. Daga nan a killace wurin, kada akuya ta leƙa har shekara biyu. Kututturen zai yi toho, ya fitar da 'ya'ya goma ko fi, Baba ya bi su da adda ya rage biyar ko shida masu ƙwari. Kafin zagayen ya dawo kan wannan kashin, shekara takwas ta cika, sanduna sun yi kaurin cinya. Ba dashe, ba ban ruwa, saiwar da ke ƙasa ita ke yin aikin.

A kan wannan zagayen rabin garinmu ya rayu. Masu sara, masu faskare, masu amalanke, matan da ke ɗaure itace dami-dami a bakin titi, maƙera da ke jiran gawayin rassa, kafintoci, har masu kiwon zuma da ya ba su gefen gabas. Gidajen burodi uku ne a garin, namu ne babba, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin tandarmu ta huce don rashin itace ba. Samari ba sa rububin tafiya birni a lokacin, don akwai abin yi a gida.

Ba wai muna sonsa ba ne, in za a faɗi gaskiya. Mutum ne mai taurin kai. Ɗanyen itace ba ya fita daga gandun, ko wane ne ya zo saya, sai ya yi wata uku a jere yana shan iska. Zai ɗauki guntu biyu ya ƙwanƙwasa su kusa da kunnensa, ya girgiza kai ya ce, "Da saura. Wannan hayaƙi za ka saya, ba wuta ba." Gwaggo mai itace, wadda ke shugabantar matan bakin titi, takan ce masa, "Baba, kai da itacen nan sai ka ce 'yarka ce za ka aurar." Shi kuwa ya ce, "Ai gara 'yar, tana iya dawowa ta faɗa mini in an cuce ta."

Shekara takwas da suka wuce wani dillalin gawayi ya zo da manyan motoci. Kashi uku yake so a lokaci ɗaya, kuma har da kututturan, wai gawayin kututture ya fi nauyi, ya fi daɗewa a wuta. Tayin ya ruɗa mu. Aka kira taro a ajin makarantar firamare, manya-manyan mutane a matse cikin bencin yara. Ni a lokacin shekarata biyu da gadar kujerar mahaifina a kwamiti, kuma kaina na hayaƙi, ina ganin tsofaffi ne ke danne mu.

Baba ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce in dai dole ne a sari kashi uku, to a sara, zai haɗiye, amma a bar masa kututturan. Sai na ɗaga hannu. Har yau ina jin muryata a kunnena.

"Baba, an riga an sare bishiya. Kututturen kuma me za mu yi da shi? Kujera?"

Ajin ya kece da dariya. Ya jira har aka lafa, ya dube ni ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Ɗana, kututturen nan shi ne gonar. Abin da kuke sara a sama amfanin gona ne kawai." Ba wanda ya saurare shi. Aka ɗaga hannu, ya zama shi da Gwaggo da wani maƙeri kaɗai a gefe guda, sauranmu duka a ɗaya gefen.

Masu haƙa suka shiga da diga da shebur. Ranar da suka isa kashi na uku, suka tarar da Baba zaune a kan wani kututture a bakin hanyar amalanke, da lema a hannu da gorar ruwa a gefe. Gwaggo ta ga abin da idonta. Ta ce ta je ta same shi da tsakar rana, ta ce, "Haba Baba, tashi mana, ranar nan za ta kayar da kai." Ya ce, "An ce kujera ce. To ga ni na zauna." Kwana huɗu yana zuwa tun da sassafe ya zauna sai masu haƙa sun tashi aiki. Suka tone na gabansa, suka tone na bayansa, ƙura ta rufe shi, bai motsa ba. Da suka gaji suka bar masa shi. Muka yi ta dariya a gari, muka sa wa wurin suna kujerar Baba. Ni ma na yi dariyar, na fi kowa ma.

Motocin suka tafi, damina ta zo, ba abin da ya fito a kashi ukun nan sai ciyawa da ramuka. Ruwa ya kwashe ƙasar sama ya zuba a hanya. Baba bai ce wa kowa ai na faɗa muku ba. Ya ɗauki igiyar awo ya sake raba kashi biyar ɗin da suka rage zuwa takwas ƙanana, itacen shekara ya ragu kusan rabi. Masu amalanke suka fara sayar da shanunsu. Matan bakin titi suka koma 'yan ƙalilan. Gidan burodi ɗaya ya rufe. Tawa tandar ta koma kwana huɗu a mako, na sallami ma'aikata biyu, ɗaya ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, yanzu yana birni yana dako. Duk lokacin da uwarsa ta gaishe ni da fara'a, sai in ji kamar in nutse.

Baba, kai ne mutumin da muka yi wa dariya ya koma washegari da buhun leda yana cika su da ƙasa. Kai ne ka shuka iri a bayan rumfarka, ka rene su da bokiti biyu a keke, kana da shekarun da ya kamata a ce kana kishingiɗe a inuwa. Inna, matarka, ta faɗa mini cewa har ruwan wankin shinkafarta ba ka bari ya zube. Ta ce, "Ni na haƙura, ɗana. Na daɗe da sanin da daji aka ɗaura masa aure, ni rakiya na yi." Rabin dashen ya mutu da rani, awaki suka cinye wani, ka sake dasawa. Uban gandu, mai ja da fari, mu muka ɓata, kai ka duƙa kana gyara, kuma ko sau ɗaya ba ka kira sunan wanda ya jawo ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kashi ɗaya da rabi kawai ya iya mayarwa, kuma waɗannan ma da sauran lokaci kafin su isa sara. Gwiwoyinsa sun gaza, idonsa na hagu ya yi hazo. Ba da hannunsa za a shafa musu jan fenti ba.

Makon jiya na daure na je rumfar. Na tsara maganata tun daga gida, amma da na tsaya a gabansa sai ta watse. Na ce, "Baba, na zo ne a kan maganar nan ta aji."

Ya ce, "Wace magana? Riƙe mini gwangwanin nan, gwiwata ba ta son kaya."

Na bi shi a baya da jan fenti har kashi na uku. A bakin hanyar amalanke, a tsakiyar ƙananan dashe da ba su wuce kafaɗata ba, sanduna shida ne tsaye, dogaye, duk daga gindi ɗaya. Kujerar Baba ce. Ya tsoma buroshi ya shafa wa kowacce ja, a hankali, yana laluben ɓawon da tafin hannu. Ya ce, "Sun isa. In an sara, taƙi ɗaya, a karkace. In sun bushe a kai tandarka."

Na ce, "Me ya sa ni, Baba? Ni da na..."

Ya ce, "Ai naka ne. Ranar da muka fara dashen gandun nan, mutum ɗaya ne a garin ya rufe shagonsa ya zo taya ni. Babanka. Wannan ita ce ta farko da ya sa a ƙasa, ni na riƙe, shi ya tura ƙasa. Ya ce in ɗansa ya girma kada tandarsa ta rasa wuta." Ya karɓi gwangwanin daga hannuna.

Na gode, Baba. Na gode a madadin duk gidan da ya ɗora tukunya da itacenka, da duk wanda ya ci burodina bai san daga ina wutar ta fito ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ido, ya sa ka ga dashenka ya yi inuwa. Ka ce ba ka tuna maganar aji ba. Ni ina tune da ita, kuma ina roƙonka gafara a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na yi.

Ku kuma mutanen gari, kun ji dillalin ya dawo, motocinsa ma sun ƙaru. Ranar Asabar akwai taro a ajin nan dai, kuma wannan karon babu tsohon da zai miƙe da hula a hannu ya ce a bar masa kututture. Duk wanda ya taɓa jin ɗumin itacen gandun nan, ya zo ya ɗaga hannu inda ya dace. In kuma aka sake rinjayarmu, to ni na riga na sayi lema, kuma na san inda zan zauna.