Lei Ashirin da Biyar na Veturia

Shekara talatin da ɗaya Veturia Bolocan ta yi tana ɗinkin fata a masana'antar takalma ta garin Agnita. Da aka rufe masana'antar, abokan aikinta suka watse, wasu Italiya jinyar tsofaffi, wasu Jamus aikin gona. Ita kuwa ta sayi tsohon keken ɗinkin da hannunta ya saba da shi, aka kawo mata shi a amalanken doki, ta girka shi a ɗakin tsakar gida. Ta ce ita ba inda za ta.

Takalmi iri ɗaya take yi, mai faɗi, mai taushi, na masu kumburin ƙafa. 'Yarta Smaranda ce ta buɗe mata shago a intanet. Shago ya yi wata huɗu ko ƙuda bai sauka ba.

Wata Lahadi sai ga surukinta Horațiu ya zo daga Sibiu da wani abokinsa Tiberiu, wanda sana'arsa ke nan, sa wa 'yan kasuwa talla a shafin bincike. Ta zuba musu tuwon masara da cuku. Tiberiu bai kai loma uku ba ya fara.

"Uwargida Veturia, abin ba wuya. Duk wadda ta rubuta 'takalmin mata' tana nema, ke za ta fara gani. Kuma ba kya biya sai ta danna tallan. Ki ware kuɗi lei dubu uku a wata, ki bar mini sauran."

"Dubu uku? Ɗan nan, ka san fanshona kuwa?" Ta ajiye cokali. "To in yarinya mai neman takalmin rawa mai tsini ta danna, ta ga nawa kamar kwalekwale, ta arce, wa zai biya?"

"Ai ke ce. Haka tsarin yake."

"Wato in biya kuɗi a zo a yi mini dariya."

Horațiu ya sa baki. "Mama, sai an zuba ake ɗiba. Kowa haka yake yi."

"Kowa ya tafi Italiya ma, ka ga na bi su? Ci tuwonka kada ya huce."

Washegari ta ɗora tabarau a hanci, ta kira Smaranda a waya, ta ce ta nuna mata inda ake rubuta adadin kuɗin tallan. Ta rubuta lei ashirin da biyar a rana. Da aka zo zaɓen kalmomi, ba ta nemi masu ado ba. Abin da mata ke faɗa a bakin ƙofarta shi ta zuba: "takalmin da ba ya matsa", "ƙafar mahaifiyata ta kumbura". Ta kuma ce tallan ya riƙa fita daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa bakwai kawai.

"Don me, Mama?"

"Da safe ƙafar kowa lafiya lau take. Da yamma ne mutum ke cire takalmi yana tsine masa."

A mako na biyu wata malamar makaranta daga Bacău ta sayi takalmi biyu. Kafin rani ya fita, Veturia na aika kwali tara kowane mako.

Sai wani babban kantin takalma na Bukarest ya hango wurin. Ya shiga kan kalmominta da buhun kuɗi, farashin dannawa ya ninka uku, kuɗinta na rana kan ƙare kafin ƙarfe biyar. Oda ta koma biyu. Ana cikin haka kantin ya aiko mata da wasiƙa mai daɗin baki, wai ta riƙa ɗinka musu su manna sunansu.

Horațiu ya bugo waya. "Mama, ko ki ƙara kuɗin, ko ki karɓi tayinsu. Giwa ce fa."

"Giwa ta ci dajinta. Ko sisi ba zan ƙara ba."

Kwana uku tana ɗinki tana cin rai. Abin da ya fi ƙona mata zuciya shi ne sunan nan da za a manna, don ta riga ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗinka abin da sunan wani ke kai. A rana ta huɗu wani tsoho ya kira daga Reghin, ya ce ƙafar hagun matarsa ta fi ta dama da lamba biyu, kullum sai sun sayi takalmi biyu su yar da rabi.

Veturia ta ajiye wayar. Sannan ta goge kalmomin da ake kokawa a kansu kaf, ta rubuta sabuwa: "ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma". Babban kanti dai a kwali yake sayo kayansa daga ƙetare, ba shi da yadda zai raba hagu da dama. Ita kuwa almakashi na hannunta.

Babu mai kokawa a kan wannan kalmar, dannawa ta yi arha. Oda ba ta dawo tara ba, ta tsaya a bakwai, amma wanda ya saya sau ɗaya ba ya sake neman wani. Wasiƙar kantin kuwa ba ta amsa ba har yau.

Da watan Satumba ya kama, ta kashe tallan ɗungurungum na kwana goma, ta hura wuta a tsakar gida tana gasa yalo da tattasai na ajiyar hunturu. Horațiu ya tarar da ita cikin hayaƙi, ya kama kai.

"Mama! Mutane na can suna nema, kin rufe?"

"Su nema. Yalo ba ya jira." Ta miƙa masa wuƙa. "Zauna ka ɓare."