Zaren da Baba ya datse

Shekara uku ina ƙetare gada zuwa jami'a a unguwar Lamorde ina karatun fasahar zane-zane ta zamani, amma Baba bai taɓa iya faɗa wa mutane abin da nake karantawa ba. Tela ne, mutumin Damagaram, hannunsa ya yi suna wajen aikin wuyan babbar riga. In abokan ciniki suka tambaye shi sai ya ce, "Tana dai lakkwal," wato makaranta, ya sauya zance. Wannan "dai" ɗin ta fi zagi yi mini ciwo. Ba abin da nake so kamar in ji ya kira abin da nake yi aiki.

Malaminmu na ƙa'idojin fasaha, wani siririn dattijo mai faɗan tsiya, ya taɓa ce mana mai fasaha na yanzu ba kyau kaɗai yake nema ba, so yake mutane su tsaya su kalli abin da suka saba wucewa. Na dawo shagon Baba da maganar a kaina, sai ga wata riga a juye kan keken ɗinki: ƙulle-ƙulle, zare na reto, wuraren da allura ta kauce aka koma. Na ce to, ga aikin lisans ɗina, na kammala digiri. Na bi telolin unguwa na roƙi tsofaffin wuyan riguna talatin, na ɗinka su a juye kan farin yadi, bayansu na kallon jama'a. Zare ko ɗaya ban yanke ba, don shi ne ma abin da nake son a gani.

Ranar da zan kare aikin gaban malamai uku, da ƙyar na shawo kan Baba ya zo. Na zaunar da shi a zauren, na fita karɓo kwafin takarduna. Ina dawowa na iske shi tsaye gaban aikin, tabarau a kan hanci, ɗan almakashinsa na aljihu yana ta ƙyas-ƙyas. Har ya share wuya huɗu tas!

"Baba! Me kake yi haka?"

"Ke, ba ki jin kunya? Manyan mutane za su shigo, ki rataye musu abu zare buja-buja, a ce ɗiyar tela ce?"

Innalillahi! Kuka ya taso mini, ban ma sami damar yin sa ba, malamai suka shigo. Na yi bayanina. Dattijon malamin namu yana cikinsu, shi kuwa ido gare shi kamar shaho. Ya nuna wuyan nan huɗu ya ce, "Waɗannan fa? Me ya sa suka fita daban?"

Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe. "Malam, a yi mini aikin gafara, ni ne. Hannu ne ya saba." Ya matso zai nuna inda ya yanke, sai ya tsaya kan wani wuya, ya shafa shi. Ya ce wannan bahago ne ya yi shi, dubi yadda ƙullin ya kwanta. Wannan kuma aikin jajibirin salla ne, mai shi sauri yake. Wancan tsoho ne idonsa ya fara rauni, sau uku yana komawa wuri guda. Ya kai kan wani shuɗi, ya dube ni, sannan ya ce, "Wannan nawa ne. Shekarar da aka haife ta."

Malamai suka bar kujerunsu suka kewaye shi suna tambaya, yana amsawa da rabin Hausa rabin Zabarmanci. Ni kuwa ina gefe, kaina ya yi girma har ina jin ƙofar ba za ta ishe ni fita ba. Abin da na yi wata shida ina rubutawa da Faransanci, ga shi yana fita daga bakin ubana.

Na ci, da yabo ma. Dattijon ya ce ya kamata a rubuta sunan Baba kusa da nawa a jikin aikin. Baba ya girgiza kai.

"A'a, Malam. Shekara arba'in ina ɓoye bayan ɗinki, ban taɓa sanin akwai abin kallo a wurin ba sai da ta juya shi. Aikinta ne, ku sa sunanta ita kaɗai."