Jan Tankin Kawu

Jiya a Dutsen Kura na hango jan tankin babur an tsaga shi biyu, kaji suna shan ruwa a ciki. Kallo ɗaya na yi masa na gane na Kawu ne.

Babur ne na ratsa daji, mai dogayen ƙafafu, wanda Kawu ya samo a mace. Shekara shida yana tayar da shi a garejin gidansa. Har yau ina jin warin kananzir ɗin da yake wanke notuna da shi, ya jera su a farin ƙyalle kamar kayan lefe.

"Kawu, wai yaushe zai tashi?" na taɓa tambayarsa.

"Ke dai da gaggawa! Ranar da ya tashi, ke zan fara goyawa har Maikunkele, mayafinki yana kaɗawa."

Saura sarƙa kawai Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi sadakar arba'in ba babban ɗansa ya cire injin ya mayar da shi na markaɗe, sauran ya watsar.

Yanzu ɗan nan ya yi furfura, shi ke ba mutane labarin gwanintar mahaifinsa, har da hawaye. Allah ya jiƙan Kawu. Ni kuma ya ba ni ikon amsa gaisuwar ɗansa.