Hoda a Kan Injin

Da gaske idonsa ya daina gani, ko dai so yake in zauna kusa da shi? Shekaru sun tafi, na tambayi kaina har na gaji, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba, ku rubuta yadda na faɗa, in na yi kuka ku jira ni.

Maigidana makanikin babur ne a zangon Lome, zamanin da jam'iyya ɗaya ce a ƙasar. Rumfarsa tana jikin ƙofar gidanmu. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa ne suka fi kawo masa aiki, domin ya yi suna wajen gano inda mai yake yoyo.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya rage murya. "Yanar ido ta rufe mini gani. In mutanen nan suka sani, babu mai sake kawo babur nan. Ɗauko hodarki."

Hodar fuskata yake nufi, ta cikin gwangwani. Ya wanke injin da kananzir, muka bari ya bushe, na barbaɗa hodar har ƙarfen ya yi fari kamar amarya. Ya tayar da injin. Muka tsuguna muna jira, ƙamshin hoda da warin mai suna haɗuwa, iskar teku tana kaɗa mini mayafi. Can sai wani baƙin zare ya fito a cikin farin.

"Daga ina, injiniyata?"

"Daga ƙasa."

"Ƙarya yake miki. Mai daga sama yake gangarowa ya taru a ƙasa. Bi shi da ido har gidansu."

Haka na koya. Na san kartar, wato tukunyar da man injin yake kwana a ciki, da layin da ɓangarorinta biyu suka haɗu. In daga layin ne, sai ya yanka sabuwar takarda mai kauri ya sa a tsakani. In daga kusar zubar da mai ne, wasa, wato zoben da ke ƙarƙashin kusar, ce ta cinye. Masu babur suna ganina da gwangwani suna tsokana, wai madam ta zo yi wa injin kwalliya. Ni kuwa in sunkuya kamar mai kwashe shara, in raɗa masa wurin. Shekara uku babu wanda ya gane.

Ranar ƙarshe an rufe kasuwa, an kwashi mutane zuwa rawar tarbar manya, unguwa ta yi tsit, sai kukan jirgi daga nesa. Babur ɗin da ke rumfa na wani mai fiton kaya ne, sau biyu yana dawowa da yoyo, ya ce wannan ne na ƙarshe. Na barbaɗa, na duba, na sake dubawa, ban ga mafarin zaren ba. Hankalina ya tashi, na ce asirinmu ya tonu.

Sai ya miƙa yatsa, bai laluba ba, ya ɗora a bayan wata kusa. Tsaga ce a jikin kartar ɗin kanta, siririya kamar gashi.

Na ce, "Malam, ashe kana gani?"

Dariya kawai ya yi. Wataƙila yatsan ne ya tuna, wataƙila kunnensa ne ya ji. Wataƙila kuma duk shekarun nan yana ganin komai, har da ni.

Ya kwance kartar ɗin ya naɗe a buhu, zai kai wa mai walda a unguwar Akodesewa. A can ya zauna a benci, ya ce kansa yana juyawa, bai sake tashi ba. Allah Ya haskaka kabarinsa. Gwangwanin yana cikin akwatina, ban ƙara shafa hodar ba, sai dai in buɗe in shaƙa.

A ranar nan, da zai fita, na biyo shi bakin ƙofa ina cewa sai ya ba ni amsa. Ya juyo, ya goge mini hodar da ta taɓa hancina da babban yatsansa, ya ce:

"Kada ki wanke hannu, injiniyata. In na dawo akwai sauran aiki."