Dambun Nama a Dakalin Berlin

Dambu ne cike da bakina, ina tsaye a kan dakalin, waya a sama ina neman inda hoto zai fi kyau, sai na hango tour guide ɗinmu, mai yi mana jagora, ta nufo mu da sauri, fuskarta ta yi jawur. Wallahi ko zan manta ranar aurena, ba zan manta wannan tahowar tata ba.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin ina zaune a unguwar Longsight, a wani ɗan flat saman shagon nama. Shekarun nan ne da council, wato ƙaramar hukuma, ke ta rage ma'aikata, library ɗin da nake aiki aka zaftare mana hours, zaman gida har ya ishe ni. An riga an sa ranata da wani likita a Birmingham. Mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo daga Kano renon jikoki a gidan babbar 'yarta da muke kira Anti, can Birmingham ɗin. Antin ce ta yi musu booking ita da Hajiya na yawon buɗe ido a Jamus, irin wanda ake zuba ku a doguwar motar coach da mai bayani, a yi ta kai ku gari gari. Tafiya ta matso, wurin aikinta suka hana ta leave, wai ba mutane. Sai ta kira ni.

"Amarya, ke za ki raka Hajiya. Ki zama kunnenta, kin san ba ta jin Turanci."

Kowa ya san abin da ake nufi. Sunanta rakiya, amma jarrabawa ce. Ni kuwa da rawar kai na ce, "Haba Anti, Jamus ɗin me? Kamar Stockport Road, titin unguwarmu, na san ta." Alhali ban taɓa taka ƙasar ba.

Guide ɗin wata dattijuwar Bajamushiya ce. Ta raba wa kowa ɗan abin saƙalawa a kunne, tana magana a gaba kana ji ko kana can baya. Ranar farko na saurara. Wannan coci, waccan gada, wane ya ci wane da yaƙi. Na gaji. Na cire abin na jefa a jaka, na koma hotuna. In Hajiya ta ce, "Me take cewa?" sai in kalli ginin in ƙirƙiro.

"Wai gidan wani sarki ne, Hajiya."

Ko'ina muka tsaya gidan sarki ne. Har ta ce, "Ikon Allah. Su sarakunansu ba sa ƙarewa ne?"

Ga matsalar abinci. Hajiya ba ta yarda da girkin kowa ba, ko miyar ganye aka kawo sai ta ce alade ya gitta ta kusa. Daga burodi sai shayi sai dambun naman da ta yi da hannunta kafin mu taso.

Ranar Berlin tun safe muke tafiya a ƙasa, gwiwoyinta sun fara kuka. Guide ta tsaya a bakin wani ƙaton fili ta yi magana a hankali. Na ga abokan tafiyarmu sun yi tsit, kowa ya shige shi kaɗai tsakanin wasu tubalan siminti masu ruwan toka, jere jere, na ciki sun fi mutum tsawo, na bakin titi daidai gwiwa. Ba rubutu a jiki, ba fure. To ku faɗa min, a wurin Bahaushe abu mai faɗi, daidai gwiwa, a bakin titi, meye sunansa in ba dakali ba?

"Me ta ce?"

"Wai kowa ya huta, Hajiya."

"Alhamdulillahi. Kai, mutanen nan sun san darajar tsoho. Ji dakali har ba iyaka."

Ta zauna ta miƙe ƙafa. Na shimfiɗa ɗankwali, na jera flask da cincin da robar dambu. Ina noƙewa irin na gaban suruka, ta ce, "Ci mana, 'yar nan, ajiye kunyar sai mun koma gida." Na ji daɗi har raina, na ce shi ke nan na ci jarrabawa. Na ɗauke mu hoto na tura group ɗin gidansu: ni da Hajiya muna shan iska. Sannan na ɗare saman dakalin don in ɗauki nawa.

A nan guide ta iso. Kafin ta buɗe baki Hajiya ta yi abin da duk uwar Bahaushe za ta yi, ta miƙa mata robar.

"Bismillah, baiwar Allah. Ce mata ta zauna, tun safe take magana ba ta sa komai a ciki ba."

Matar ta dubi dambun, ta dube ni ina saukowa, ta dubi kunnena ba komai a ciki. Da ta yi min ihu da ya fi sauƙi. A hankali ta ce wannan wurin tunawa ne da Yahudawan da aka kashe lokacin yaƙin duniya, miliyoyi, har jarirai, yawancinsu ko kabari ba su samu ba. "Mutanen ƙasata ne suka aikata," ta ce, "shi ya sa nake kawo baƙi nan." Idonta ya ciko.

Hajiya ta juyo gare ni.

"Me take cewa?"

Aurena na hango yana lilo. Na ce, "Wai ba a cin abinci a nan. Dokar gari ce."

Hajiya ta ƙura min ido. "Dokar gari ce ta sa ta hawaye? 'Yar nan, Turanci ne ba na ji. Fuska ina ji."

Sai kawai na zube komai. Abin da wurin yake, abin kunnen da ke jaka tun rana ta biyu, har gidajen sarakunan da ni na gina su.

Zumbur ta miƙe, ta manta da gwiwa. Tana salati tana share dakalin da bakin mayafinta, tana tara ɓurɓushin a tafin hannu, ba ta bar ko silin nama ba. Sannan ta kama hannun matar da hannu biyu.

"Ce mata ta yafe mana. Ki faɗa daidai, ban da sarki. Ki ce mata ni ma ina da ƙane, ya fita ranar wani rikici, har yau ba mu ga gawarsa ba. Na san ciwon mutum ba kabari."

Ban taɓa jin wannan labarin ba, ko ɗan nata bai taɓa faɗa min ba. Na fassara. Su biyu suka tsaya riƙe da hannun juna, ni mai Turancin na zama bare a tsakani.

Na goge hoton, amma Anti ta riga ta gani. Saƙonta layi ɗaya: "Kin san inda kuka zauna kuwa?" Sauran tafiyar abin nan bai bar kunnena ba, ko tari guide ta yi sai na fassara. Hajiya kuwa daga "to" sai "madalla".

Muka dawo Birmingham. Ina kicin ɗin Anti ina wanke flask ɗin da ya riga ya fita, na ji ta ce, "To Hajiya, ya amaryar tamu?"

Na kashe famfo, na kasa kunne.

"Ta yi min ƙarya," in ji Hajiya. "Amma da na dube ta, ƙaryar ta kasa zama a bakinta. Irin wannan ana iya zama da ita. A bar rana yadda take."

An yi auren. Har yau in ta zo muka fita park da yara, kafin ta zauna a benci sai ta ce, "Maman yara, kin tambaya? Ko nan ma gidan sarki ne?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da na koya shi ne, in aka ba ka amanar kunnen wani, ba ka da ikon toshe naka, kuma ba kowane wuri mai faɗi ne wurin zama ba.

Amma tsakani da Allah, da ku ne a gaban suruka, dambu a baki, aure na lilo, tun tambayar farko za ku faɗi gaskiya, ko ku ma sai an ƙura muku ido?