Sawun Inna a Tsakiyar Littafi

Wata Alhamis ce da hantsi, a kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, na ga tushiyar kara ta huda silifan Inna ta shige tafin ƙafarta. Muna gonarmu ne a bayan gari, wani ƙauye kusa da Mai'adua. An gama yankan gero, kowace tushiya tana tsaye da tsini kamar da gangan aka fiƙe ta, Inna kuwa tana ɗauke da damin kara, ba ta ganin ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke damin a hankali, ta zauna, ta ce, "Ke, zo ki cire." Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana. Na cire ta, jini ya cika silifan.

Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, sai da aka kai ta asibiti a kan babur. Sati shida tana kwance. Kafin ta tashi wakenmu ya fashe a gona, aka saki dabbobi suka ƙarasa sauran. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, kuma da gonar nan Inna take ciyar da ni da ƙanena Ilu. Baffa Sale, yayan mahaifinmu, ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce shi dama ya faɗa, noma ba aikin mace ba ne. Idan aka sake irin wannan baɗi, zai haɗe gonar da tasa, ya riƙa auno mana abin da za mu ci. Inna ta juya fuskarta bango.

Ina aji biyar a lokacin, yarinya ce ni mai kunya har malamai sukan manta ina cikin aji. Idan an fita tara, 'yan mata na carafke da 'yar gala-gala, ni ina gindin darbejiya da littafi. Amma ina da kallo. Na lura maza ba sa tsoron tushiya: takalmin taya ne a ƙafarsu, suna taka ta ta karye, su wuce da dogon taku. Mata kuwa sai sanɗa, da silifa mai laushi wanda gumi ke sa shi santsi, maɗaurinsa ya tsinke an maƙale da waya. Kafin mace ta kai dami ɗaya bakin gona, namiji ya kai biyu, sai a ce ƙarfi ne. Na samo ƙusa na gwada. Da ɗan yatsa na tura ta ta ratsa silifan Inna. Tsohon takalmin Baba kuwa sai da na sa dutse, ƙusar ta lanƙwashe ba ta shiga ba. Na ba Inna ta gwada shi a cikin ɗaki, ya yi mata yawa, tana tafiya yana fita, ta kusa faɗuwa.

Na ce mu je a yanka mata nata. Ta ƙi. Lokacin ko'ina zancen halal da haram ake yi, samari suna wa'azi a ƙofar masallaci cewa kada mace ta yi shigar maza, kuma kowa ya san takalmin taya na maza ne. Ban yi mata musu ba. Na jira ranar da take zaune tana tsinkar zogale, na ciro takardar tsakiyar littafina, na ɗora ƙafarta a kai na zagaye da fensir, dama da hagu, har na sa alama a inda ciwon yake. Ta ce, "Yarinyar nan, me kuma kike ƙirƙira?" Na ce aikin makaranta ne. Allah ya yafe mini.

Taya kuwa ta Ilu ce, tsohuwar tayar mota da yake garawa a layi. Da na ɗauke ta, kwana biyu ya yi ba ya yi mini magana. Ranar kasuwa na gara ta da kaina, cikin hijabi, yara suna bi na da dariya, har rumfar Malam Habu mai takalmi. Na miƙa masa takardar, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "'Yar boko, ni ma jarrabawar za ki yi mini?" Da ya ji ƙafar mace ce sai ya miƙo mini abata, ya ce bai taɓa yi ba. Ni kuwa ban tafi ba. Na tsaya kaina a sunkuye har aka kira azahar. Ya sauke numfashi ya jawo wuƙa. Na roƙe shi ya sa maɗauri ta bayan dunduniya, ya kuma yi shimfiɗar fata a wajen alamar. Sauran tayar ya riƙe a matsayin ladansa, ni kuma na mayar da takardata cikin jaka.

Na kai wa Inna takalmin, amma a ƙarƙashin gado ya zauna har kaka ta zagayo. Ranar da za a fara kwashe kara, Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa. Ba mu kai bakin gari ba muka yi kiciɓis da Baffa, yana tare da mutane. Ya dubi ƙafarta ya ce, "Ashe har shigar maza aka fara a gidan ƙanena?" Na ga Inna ta sunkuya za ta kwance maɗaurin. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi Baffa ba, sai na ji ina zaro takardar nan daga jakata. Na ce, "Baffa, ga sawun da aka yanka shi a kai. Na Inna ne, ba a yi wa wani namiji ba. Wanda ya ce ta cire, ya zo ya ɗaukar mata damin." Wani tsoho ya fashe da dariya. Baffa ya kira ni marar kunya, Inna ma ta yi mini tsawa a gabansu, ta ce in ba shi haƙuri, na kuwa durƙusa na ba shi. Amma da ta miƙe, takalmin yana ƙafarta.

A kakar nan ta kwashe kara, ta rore wake tas, ko ƙaya ba ta taka ba. Baffa bai ƙara tayar da zancen gona ba, ko da yake ya shekara ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu Ilu ne ke noma gonar, kuma matan ƙauyenmu suna shiga cikin kara da takalmin roba rufaffe da ake sayowa a kasuwa, ba mai ko waiwayarsu. Rumfar Malam Habu ta zama wurin cajin waya. Inna ta tsufa, da sanda take zuwa bakin gona ta zauna tana kallo. Takardar tana nan a akwatina, fensirin ya dushe, sai an kai ta haske ake ganin sawun. Har yau ba na son magana a cikin taro, amma ban taɓa nadamar wadda na yi ran nan ba.